Gado na Bakwai

Ruwa bai ɗauke ba a Ancud tun ranar Talata.
Ta tagar ɗakin maza ana jin teku
yana ta musu da duwatsun gaɓa.
Ni ce mai aikin dare. Sunana Ondina.
Shekara goma sha tara ina juya jikin mutane
don kada katifa ta ci musu baya.

A gado na bakwai akwai Evaristo Cárcamo,
masunci, tafin hannunsa gishiri ya jeme shi.
Ciwon suga ya kama shi ta ɗan yatsan ƙafa,
yau baƙin ya haura idon sawu.
Likita ya ce a yanke. Ya ce a'a.
Sau uku ana tambaya, amsar ba ta gusa ba:
"Da ita na hau jirgi, da ita zan sauka."

Ƙarfe biyu 'yarsa Herminia ta tare ni
a bakin ɗakin magani,
rigar sanyinta ta gashin tumaki tana ɗiga.
Takardar amincewa na ninke a hannunta.
"In kin yi masa allurar barci," in ji ta,
"yatsunsa za su saki. Ni zan tallafi alƙalamin.
Daga ni sai ke."

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta karkata.
Na san wannan wari, na san inda yake kai mutum.
Amma ƙafar ba tawa ba ce,
ba kuma ta Herminia ba.
Sa hannun da aka ɗauka a cikin barci sata ce,
ko da ɓarawon yana hawaye.
Na ba ta shayi mai zafi. Ban ba ta abin da ta zo nema ba.

Na koma, na ja labule, na zauna daidai da idonsa.
Ya ce, "Ke ma kin zo roƙo?"
Na ce, "Na zo canza bandeji."
Ina warwarewa yana kallon rufi.
"Faɗa mini ba tare da zuma ba."
Na ce, "In an bar ta, da wuya ka ga haƙar dankalin bana."

Shiru ya yi tsawo har na ji ɗigar ƙarin ruwa.
Sai ya ce, ƙasa ƙasa,
"Takardar nan da suke ta miƙo mini...
ban iya karatu ba.
Shekara saba'in da ɗaya ina cewa na mance tabarau.
Herminia ba ta sani ba. Kada ta sani."

Ashe ba taurin kai ba ne duka.
Mun yi ta ƙwanƙwasa ƙofa da manyan kalmomi,
mai ɗakin yana ciki, kunya ta riƙe sakata.

Na karanta masa, layi bayan layi,
har da wuraren da ba su da daɗin ji.
A bayan ambulan na zana ƙafa, na ja layi ƙasa da gwiwa.
Ya ce, "Mai ƙafa ɗaya yana riƙe akalar jirgi?"
Na ce, "Ban sani ba.
Na dai san wani Baldomero a Quemchi
yana ɗinkin koma, yana hawa tudu da ƙafar roba."
Ya ce, "Bari gari ya waye."

Ƙararrawar gado na biyu ta kira, na tafi,
don shi ma ciwonsa ba na aro ba ne.

Da asuba na rubuta a littafin aiki:
Zazzaɓi ya ɗan sauka.
Yana son ganin likita. A yi bayani da baki, a hankali.
Sauran maganar ban ba takarda ba.

Herminia na barci a kan benci, takalmanta a jiƙe.
Na rufa mata bargo.
Ban san me zai zaɓa ba.
Da na leƙa, ambulan ɗin na kan ƙirjinsa,
yatsansa yana bin layin da na ja.