Kwakwar Iluminada

A tsibirin Samar, daren da teku ya shigo gari,
bai yi sallama ba.
Ya yaye rufi, ya kwashe kwalekwale,
ya kwantar da itatuwan kwakwa tamanin
na gonar Mana Iluminada
kamar an shimfiɗa tabarmi a rana.
Da gari ya waye ta kira 'ya'yanta.
Uku ta haifa, biyu suka amsa.

Ni ne maƙwabcinta, Teofilo mai ɗinkin raga.
Ni na tono Rodel daga laka a bayan makaranta,
takalmi ɗaya a ƙafarsa,
ɗayan har yau teku bai mayar ba.
Tun ran nan na daina durƙuso.
Na ce in Mai Sama yana gani ya yi shiru,
ni ma na iya shiru, mu zuba.

Masu ta'aziyya sun zo baki cike.
Wani ya ce gwaji ne, wani ya ce horo,
wata ta rage murya ta ce a dai bincika,
ruwa ba ya tsami banza.
Iluminada na tsince tsakuwa daga shinkafar agaji,
ko ɗagowa ba ta yi ba.
Ta ce, "Yarona bai ci bashin kowa ba.
Ba zan ɗora masa laifi don in wanke Ubangiji ba,
Ubangiji ba ya neman lauya."

Bangon langa-langa ne tsakaninmu.
Da asuba nakan ji ta,
ba irin addu'ar da aka koya mana muna yara ba,
faɗa ne, faɗa sosai:
"Ina kake a daren nan?
Kai ka ba ni shi, ka san sunansa,
na kira ka har muryata ta dushe."
Sai shiru. Sai carar zakara.
Sai ta ce amin, ta hura wuta.

Rannan haƙurina ya ƙare.
Na ce, "Mana, me kike nema har yanzu a ƙofarsa?"
Ta ce, "Ka taɓa ganin mai hankali
yana faɗa da kango?
Ina bugawa ne don na san yana ciki.
Shi ma ya san nauyin gawar ɗa,
an sauko da nasa daga gicciye
wata Juma'a da yamma."

Ƙararrawar coci a gonar shinkafa aka tsinto ta,
ta tsage, muryarta kamar mai mura.
Ita ta ce a rataye ta haka nan,
duk wanda ya rage a garin
da irin muryar yake waƙa.

Wata huɗu da ambaliya ta ɗauko kwakwa masu tsiro,
guda arba'in, bibbiyu a kwando.
Shekararta sittin da shida.
Na ce, "Sai ta shekara bakwai take 'ya'ya,
wa ya ce miki za ki sha?"
Ta ce, "Ba a tambaye ni ko zan sha ba.
Riƙe min igiyar nan, layi ya miƙe."
Na riƙe.

Bana shekara bakwai.
Tara sun mutu, ƙwaro ya ci biyu.
Yana ta rufe mata ido ɗaya.
Rodel bai dawo ba,
ba kuma wanda ya sauko ya yi mata bayani.
Ni na hau na tsinko ta fari,
na sare kanta, na miƙa.
Ta kurɓa, ta daɗe ba ta haɗiye ba,
sannan ta turo min saura.

Har yau ban durƙusa ba, kada in yi ƙarya.
Ran Lahadi a bakin ƙofa nake tsayawa, hula a hannu.
Amma jiya da asuba, da ta gama faɗanta,
na ji wani ya riga ta cewa amin
ta wannan gefen langa-langar,
kuma ni kaɗai ne a ɗakin.