Daƙiƙa Ɗaya da Rabi

A Aliero, bayan rumbunan albasa,
na yi wa ɗakin kakana ido uku da kunne biyu.
Ido ɗaya a jikin azara, ɗaya a bakin taga,
na ukun kusa da ƙusar da yake rataye carbi.
Kakale ya dube su, ya dube ni,
ya ce, “Ɗiyata, ɗakin ga ya zama ɗan tsegumi.”

Shekara arba'in da bakwai yana ɗori:
ƙashin mutum, ƙashin jaki,
wata shekara har ƙafar ragon liman.
Ni kuwa shekara uku ina kiwon tambaya guda:
ko hannu zai je inda mai shi bai je ba?

Na ɗinka masa safar hannu,
na binne ƙwayoyin ji a kan kowane yatsa,
ƙanana, baƙaƙe, kamar irin albasa.
In ya matsa, su auna nauyin matsin,
in ya sassauta, su kai labari.
Can Yawuri, a ɗakin shan magani mai kallon kogi,
Tumba ta sa 'yar'uwar safar tana jira.

Ran Talata aka kawo Jaɗi,
ɗan masunta, kwalekwale ya danne masa hannu.
Muka gan shi a jikin bango, girmansa sak,
har ƙudan da ke zagaya gefen tabarmarsa.
Kukansa ya fito daga akwatin ƙarƙashin gado,
kajin tsakar gida suka watse.

Kakale ya miƙa hannu cikin iska,
ya kama abin da babu shi,
ya ce, “Ja.”
Tumba ta ja.
Ya ce, “Tsaya!”
Amma tsayawar tana kan hanya,
wataƙila tsakanin Jega da Koko,
yaro ya riga ya ƙwala ihu.

Daƙiƙa ɗaya da rabi.
A takardata 'yar lamba ce a gefen jadawali,
na sha kare ta a gaban malamai ba tare da gumi ba.
Ran nan na ga tsawonta.
Ta fi hanyar Yawuri tsawo.

Na kai hannu zan kashe na'ura.
Ya buge min yatsu da bayan safar.
“Bari. Mai jifar zabo ba ya auna inda take,
inda za ta shi ka aunawa.”

Sai ya rufe ido, ya bar min idanuna uku.
Ya tambayi Tumba zafin kumburin,
abin da ban saƙa wa safar ba.
Ta ce, “Kamar gindin tukunyar da aka sauke tun ɗazu.”
Ya gyaɗa kai.
Ya bi numfashin yaron,
shiga, fita, shiga,
ya ce “Ja” tun lokacin bai yi ba,
ya ce “Tsaya” tun ja bai ƙare ba.

Ƙas.

Ƙaramar ƙara ce, kamar an taka busasshen kara.
Kunnuwan Yawuri suka tsince ta,
suka kawo mana a makare, kamar kullum.
Shi ya riga ya fara cire safa.

Da la'asar hadari ya taso, layi ya yanke,
bango ya koma bango.
Muka zauna muna jin ruwa a kan kwano.
Safar na kan gwiwata tana warin man shanu da albasa.

Yau kwana arba'in.
Jaɗi ya ɗago mana hannun daga bango,
ya murza shi kamar mai tuƙa filafili.
Kakale ya ce a gaya masa ya bar rawar kai.

Ni kuma ga ni da rahoto a gabana.
Jinkirin na nan, ban rage masa komai ba.
Akwai gurbin hoto, akwai na sauti, akwai na nauyin yatsa.
Tun azahar nake neman gurbin da zan rubuta
cewa tsoho ne ya riga saƙo isa.