Mudun Nomau

Ranar da ma'aikacin hukuma ya shigo Tsohuwar Kasuwa
da sikeli a saɓe, allurarsa tana rawa,
babana Nomau na zaune kan buhun maiwa
yana tsintar tsakuwa.
Aka ce daga yau sai kilo.
Ya ɗaga kai ya ce, "Kilon ga ɗan wane gida na?
Wa ya san kakanai?"

Shi mudu an san asalinsa.
Tafi biyu aka fara haɗawa,
da hannu ya gaji aka fafe ƙwarya,
da ƙwarya ta fashe aka sassaƙo shi da ƙirya.
Kamu kuwa a jikin kowa yake kwana,
daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa.
Rijiyar gidanmu ta Achida gaba goma sha ɗaya ce,
amma da hannun Tunau, wanda ya gina ta,
dogo ne kamar giginya,
in kai ka auna sai ka sami sha uku.
Har yau in muka zura guga
tsawon hannunsa muke bi zuwa ruwa.

Ma'aikacin ya ce, "Malam, ai ko gobe kiyama
da mizani za a yi awo."
Babana ya ce, "Gaskiya na.
Amma mai riƙon wancan ya san wanda bai karya ba."
Ya tsoma mudu, ya tara masa tozo,
gero na gangarowa ta bayan yatsunsa,
ya juye wa Hantsi mai ƙosai a zane,
ya bi ta da gyara, bai ko duba ba.
"Nuna mini inda allurarka ka rubuta wannan."

Ba zan wanke kasuwa tas ba.
Na san rumfar da ake bubbuge gindin tiya da dare
har ta shanye loma uku ba a gani.
Na san mai kwano biyu,
babba na saye, ƙarami na sayarwa,
kuma sahun gaba yake tsayawa.
Allura ba ta san wannan wayon ba, na yarda.
Ba ta kuma san Hantsi ba.

Aka kai shi ofis, aka ci shi tara.
Ya biya, ya sayi sikelin,
ya rataye shi a ƙusa yana ɗora hula.

Da ya cika, bayan la'asar, ran wata Laraba,
ba wanda ya tambayi mita.
Liman ya auna likkafani da kamunsa,
aka karyo karan dawa, aka gwada tsawonsa,
aka ba masu gina suka wuce gaba da shi.
Karan nan na can kwance gefen kabarin
har gara ta ci rabonta.

Ni yanzu shago gare ni a Ƙofar Atiku,
sikeli mai batir, lambobi ja,
shinkafa a leda, ba tozo, ba gardama.
Sai daren sallah nake sauko da mudun daga rataya
in auna zakkar kowa na gida.
Bakinsa ya sule wuri ɗaya,
inda babban yatsansa ya shekara arba'in yana zama.
Nakan sa nawa a gurbin.
Har yanzu bai cika shi ba.