Lambobi Huɗun Farko

Na ja tamfol na lulluɓe buhunan albasa.
Ruwan Legas ya ɗauke, ya bar mana taɓo har idon sawu.
Kasuwar Mil Sha Biyu ta yi shiru irin nata,
wato janareto uku kaɗai ke magana.
Na kife kwando na zauna,
na kankare katin ɗari biyar da farcen babban yatsa.

Baba yana ƙauye, can bayan Aliero.
Layi ɗaya ne ke isa garinmu,
shi ma sai an hau surin da ke bayan rijiya,
an juya wa gabas baya, an ɗaga hannu
kamar mai roƙon ruwa.
Ni kuwa wani layin nake riƙe da shi,
lambar da dillalai suka haddace,
wadda direban tirela ke kira daga Jebba
ya ce mini kaya sun kusa.

In na kira Iya Bosede mai gidan abinci a Ketu,
mu yi ciniki, mu yi faɗa, mu shirya,
kati bai ma san an taɓa shi ba.
In na kira Obiora kan bashin buhu shida,
ya yi ta rantsuwa har in gaji,
kuɗina na nan.
Amma in danna lambar mutumin da ya haife ni,
sai awon ya canja,
kamar Makka na kira.

Na tambayi yarinyar da ke sayar da kati a ƙarƙashin lema.
Ba ta ko ɗago kai ba.
Ta ce, lambobi huɗun farko ne, Malam,
ba gidanku ɗaya ba.
Ashe lamba ma tana da dangi,
tana da bare.

Ni mai awo ne, shekara goma sha ɗaya.
Kwandon da na cika wa Bayarabiya
shi nake cika wa Bazabarme,
ban taɓa tambayar mai saye sunan unguwarsu ba
kafin in faɗi farashi.
Su kuwa iska suke sayarwa,
iskar ma da mudu biyu.

Wayar ta shiga.
Na ji numfashinsa, ya hau surin da ƙyar.
Salamu alaikum. Tanimu ne?
Ya gajiya? Ya ruwa? Ya mutanen Ikko?
Ya maƙwabcinka mai ciwon ƙafa?
Ina amsawa, ina jin naira tana zuba
kamar gero daga buhun da ɓera ya huda.
Baba bai san gaisuwa da kai ɗaya ba,
sai ya bi kowa gida-gida.

Sai muryar matar nan ta ratso tsakaninmu
da Turancinta mai sanyi,
wai saura minti ɗaya.
Baba ya ce, wace ce wannan?
Ka gaishe ta da kyau.
Ya ce, dama abin da ya sa nake nemanka,
gonar nan ta fadama, kawunka Bawa ya zo jiya, ya ce

Shi ke nan.
Gilashin waya ya nuna mini fuskata.

Ɗan'asabe, daga kan buhunsa, ya ce,
ka koya wa tsoho ya riƙa fara da magana,
gaisuwa ta biyo baya in da saura.
Na dube shi.
Mutumin da ya koya mini sallama
zan ce wa ya taƙaita?

Lema ta naɗe, yarinyar ta tafi.
Akwai mai shayi a ƙarƙashin gada, yana ajiye kati a gwangwanin madara,
da ƙarin naira ashirin, kuɗin dare.
Na naɗe ƙafar wando na shiga taɓo.
Na san Baba bai sauko ba,
yana tsaye kan suri, cikin duhu, waya a kunne,
kuma in ta shiga
daga salamu alaikum za mu sake farawa.