Baƙi Biyu a Gefen Hoto

A Agege, bayan layin dogo,
shagona bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba.
Janareton Obinna na ta tari a maƙwabta,
ruwan Ikko na dukan kwano tun la'asar.

Tanimu mai goro ya shigo da kaset a leda,
na sunan ɗansa na fari,
yaron da yanzu ke jan danfo a Oshodi.
"Juye min a faifai," in ji shi,
"amma ka cika min gilashi taf.
Talabijin mai faɗi na saya.
Ban biya kuɗi don in kalli duhu a gefe ba."

Na ce, zauna tukuna.
Hoton nan huɗu ne bisa uku,
tagar ɗakin ƙauye.
Taka sha shida ce bisa tara.
Shi kuwa faifai filinsa ƙayyadadde ne,
ɗigo ɗari bakwai da ashirin a kwance,
ɗari biyar da saba'in da shida a tsaye,
sai dai ka faɗa wa na'ura yadda za ta shimfiɗa su.

Bai gane ba, sai na ja masa hoton ya gani.
Liman siriri ya koma tulu.
Ragon suna ya miƙe kamar kada.
Farantin dabino ya zama ƙwai.
Ya yi dariya har goro ya sarƙe shi.

"To, datse sama da ƙasa."
Na datse.
Huluna suka tafi, bai damu ba.
Takalman baƙi suka tafi, bai damu ba.
Sai can ƙasa, kusurwar hagu,
wata tsohuwa a kujerar tsugunno,
tire a cinya, tana tsintar shinkafa,
ita ma ta tafi.

"Tsaya.
Mayar."

Na mayar.

Inna Tabawa ce, wadda ta haife shi.
Ta ƙi mai hoto duk rayuwarta,
ko na katin zaɓe sai da aka yi rigima.
Mai kyamara ma ba ita ya nufa ba,
gefe ne ya kwaso ta.
Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Ta ɗaga kai sau ɗaya, ta kore ƙuda,
ta koma kan shinkafarta.

Muka kalla sau huɗu.
Jirgin ƙasa ya wuce, kwamfuta ta girgiza,
ba wanda ya ce uffan.

Da ya buɗe baki, murya ta dishe:
"Bar baƙin nan.
Dama da hagu, bar shi yadda yake."

Na ƙona faifai uku,
ɗaya nasa, biyu za su bi motar goro zuwa Gumel.
Na miƙa masa alƙalami ya rubuta sunan yaro.
Ya daɗe yana juya faifan a haske,
sannan ya rubuta: Inna.

Canjinsa na naira ɗari biyu
har yau yana cikin gwangwanina.