Taku Uku a Baya

Na sauka Nafada ina ɗan sha bakwai,
wayata cike da kiɗan situdiyo.
Na iske Baba Cindo a gindin tsamiya
yana wanke izga da ruwan toka.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Riƙe nan."
Wata huɗu, iyakar karatuna ke nan: riƙe nan.

Na murza ƙaro har yatsuna suka yi danƙo,
na fafe duma, na shanya fatar guza,
na sassaƙa jaki goma sha ɗaya.
Goma ya jefa a murhu.
Na ƙarshen ya juya shi a tafin hannu, ya ce,
"Wannan ƙaryarsa kaɗan ce."

Gogensa ba ya bin miƙaƙƙiyar hanya.
Sauti ɗaya sai ya naɗe shi, ya warware,
ya yi masa kunne, ya yi masa wutsiya,
kamar zaren aska takwas a ƙirjin riga.
Masu biki sun gaji da jiransa,
sun koma hayar sifika da janareto.
Shi ko a jikinsa.
Yakan ce Gongola ma da kwana-kwana take isa inda za ta.

Ran da ya miƙo mini goge na biyu
ya kafa mini sharaɗi guda:
"Zan fara. Ka ƙirga taku uku, ka ɗauko abin da na faɗa.
Kada ka cim mini, kada ka ɓace.
In na hau, kana gangara.
Inda muka gogi juna, nan waƙar take."

Na cim masa ya fi sau ɗari.
Duk sanda na yi, sai ya aje izga
ya tambayi jikarsa Talatu ko kunun ya huce.
Wannan ya fi mari zafi.

Akwai kiɗan da ya sa wa suna Janyewar Ruwa.
Shekara tara yana ƙera shi,
gaɓa bakwai, ta takwas ta ƙi zuwa.
Ba takarda, ba alƙalami,
sai tsakuwoyi da yake jerawa a bakin tabarma,
kaza ta bi ta kai, ya sake jeri.

A damina ta uku hannunsa ya soma rawa.
Ɗan yatsan nan na shida, da yara ke leƙe,
shi kaɗai ne bai karkarwa,
shi kuma bai taɓa taɓa tsagiya ba.

Na saci sautinsa wani dare,
waya a ƙarƙashin hula, zuciya na dukan uku-uku.
Da asuba ya ce, "Kunna mini ɓarawon naka."
Ya saurara har ƙarshe, ido rufe,
sannan ya tsaki: "Wannan tsoho gaggawa gare shi.
Wa ya koya masa?"

Bayan an cire amfanin gona, muna gaɓa ta bakwai,
sai na ji gabana ya yi fili.
Izgarsa na kan cinya. Yana kallona.
Taku uku suka ƙare mini a hannu,
babu sawun da zan taka.
Na tsaya.
Ya ce, "Wa ya ce ka tsaya?"

Abin da na goga a ranar ban san sunansa ba.
Ya ɗauki tsakuwa ɗaya, ya daɗe yana juya ta,
ya ɗora a ƙarshen jeri,
ya ce Talatu ta kori kazar nan.

Yanzu a Gombe nake, ina gyaran waya da rana.
In dare ya yi, na rufe shago, nakan ɗauko kumbo.
Maƙwabcina mai shayi ya ce kiɗana da gyambo,
wai kullum sai na yi jinkiri kafin in shiga.
Ban gaya masa ba.
Ƙirga nake.