Shafi Ashirin da Ƙwayar Lido Biyu

A Valparaíso, inda gidaje ke hawan tudu
kamar awaki a kan dutse,
akwai shagon Griselda a gindin matakala.
Na shiga da gishirin teku a gashina,
na ce ina neman wasan matattu masu tafiya,
irin wanda ake kewaye tebur,
kowa ya ari rai ya yafa.
Sai dai mutanena ba su taɓa yi ba.

Ta sauke tabarau kan karan hanci.
"Su wa ke nan?"

Babana Aurelio, mai ɗaure jirage a tasha a da,
wanda tun rasuwar Mama ba ya hira sai da rediyo.
Ximena maƙwabciya, mai gasa burodi.
Da Baltasar ɗan yayata,
wanda kujera ke yi wa ƙaiƙayi.

Ta ɗauko wani littafi, kauri kamar bulo.
A cikinsa har nauyin harsashi sai ka lissafa,
har kwanakin da rauni ke yi kafin ya ruɓe.
"Wannan na waɗanda suka yi furfura a harkar ne.
Kafin ki gama karanta doka
shayi ya huce, tsohon ya yi minshari."

Na biyu kwali ne mai sheƙi,
'yan gumaka sittin, kowanne jina-jina,
kuɗinsa ya biya wutar wata biyu.
Na ce a raina, ba girin-girin ba, ta yi mai.

Sai ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara,
ta zaro wani siriri daga ƙasan kanta.
Shafi ashirin. Ƙwayar lido biyu.
Kowa takarda guda:
sunanka, sana'arka, abu uku a aljihunka,
da mutum ɗaya da ba za ka gudu ka bari ba.
"Su faɗi abin da za su yi, su jefa.
Sauran aikin bakinki ne."

Daren Asabar na rage fitila,
na ce an ɗauke wuta a gari,
ga su nan suna hawowa daga tasha, suna jan ƙafa.
Baltasar ya nemi gatari tun ban rufe baki ba.
Ximena ta tokare ƙofa da buhunan fulawa
tana dariya har da hawaye.
Baba dai yana juya takardarsa.

"Me ke aljihunka, Baba?"
"Igiya. Ashana. Hoto."
Na leƙa layin ƙarshe.
Da rubutunsa mai karkata ya sa: Eliana.

Maƙogwarona ya bushe.
Littafin bai tanadi wannan ba.
Na ce, to, tana can saman tudu,
cikin keken hawa da ya maƙale a rabin hanya,
tana buga gilashi.

Ya gyara zama.
Ya faɗi ƙullin da zai yi, da sunansa,
da ƙarfen da zai ɗaura a jiki,
ya ce Baltasar ya riƙe ɗaya bakin, kada ya saki.
Yaron ya riƙe gefen tebur da hannu biyu.

Ya jefa. Ɗaya da biyu.

Na buɗe shafi na tara hannuna na rawa.
An rubuta: mugun jifa ba ya kisa,
farashi yake sawa.
Na ce, "Ka isa gare ta, Baba,
amma sai abu ɗaya ya faɗi daga aljihunka."

Bai ko yi tunani ba.
"Hoton ya tafi.
Ga ta a gabana, me zan yi da hoto?"

Ximena ta tashi wai za ta duba ruwan zafi.
Babu komai a kan wuta.

Da zai shiga ɗaki ya tsaya a bakin ƙofa,
ƙwayar lido ɗaya na tafin hannunsa.
"Har yanzu ba mu sauko da ita ba fa.
Asabar ƙarfe nawa?"